Kayan da Baba Mizani Ya Ɗora Mini

Baba Mizani ya rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinsa na unguwar Khumra a Jidda, muka kai shi bayan azahar. Da muka ɗaga makara sai ta karkace. Dogaye sun taru a gefe guda, gajeru da ni mai ɗingishi muna ɗaya gefen. Wani daga baya ya ce, ƙasa-ƙasa, da mai makarar yana da rai da tuni ya tsayar da mu ya sake raba mu. Muka yi dariya da gawa a kafaɗa, Allah Ya yafe mana. Liman ya harare mu, amma na ga shi ma ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki.

Ni ba mai magana ba ne, kun sani. Sai dai tsohon nan shi ya hana ni barin Jidda lokacin da na riga na ɗaure jakata, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shi ma ban gode masa ba. Yau zan faɗa.

Sunansa na yanka Haruna, mutumin Cadi ne. Aikinsa awo, shi ya sa ake ce masa Mizani. Shi ke zama gaban babban sikeli a siton da nake dako, yana auna shinkafa da sukari, har ya kai in ya ɗaga buhu da hannu zai gaya maka ɓera ya taɓa shi ko bai taɓa ba. Da buhuna suka gundure shi sai ya koma auna mutane.

Wasan faifai ne ya ba shi ƙofa. Wani Bature ne yake yin wasan da 'yan Filifin a unguwar da ake kira Madinar Masana'antu, da zai koma ƙasarsu ya bar wa direbanmu faifan roba guda, fari. Muka kai shi filin bayan sito, kowace Juma'a daga la'asar zuwa magariba. Bakwai nan, bakwai can. Wanda faifai ke hannunsa ba ya gudu, tsayawa zai yi ya jefa wa ɗan'uwansa. In ɗan'uwan ya cafe a ƙarshen fili, bayan tsofaffin tayoyin da muka jera, an ci ɗaya. In ya faɗi ƙasa ya koma hannun abokan karawa. Babu alƙali. In an yi maka keta kai za ka faɗa da bakinka.

Matsalar ita ce ba mu daidaita ba. Ga 'yan dako masu furfura, ga samari haifaffun Jidda masu ƙafar barewa, ga ma'aikatan ofis daga Najeriya kowa da tumbinsa. Ɓangare guda ya yi ta ci, ɗayan ya yi ta tsintar faifai a ƙasa. Mutane suka fara daina zuwa. Sai ga Baba wata Juma'a da tsohon buhun shinkafa a kafaɗa da butar shayi a hannu. Shi da bai taɓa jefa faifai ba, har ya koma ga Allah bai jefa ba.

Kowa ya san abin da yake yi. Sai ya jera mu. Ya kama hannunka na dama da hannayensa biyu, ya rufe ido, ya karkata kai kamar yana jiran allurar sikeli ta tsaya. Tambaya uku ce, ba ta canzawa: me ka ci da rana, ƙarfe nawa ka tashi daga aiki jiya, kaset ya zo daga gida? Don a lokacin mu da ba mu iya wasiƙa ba a kaset iyali ke aiko mana da magana. In ya gama sai ya raba mu biyu, ya kwance bakin buhu. A ciki akwai igiya, da silifa, da doguwar riga irin ta Larabawa da ake ce wa tob, da hular kwano ta leburori, da ƙaramin kofin shayi. Ƙa'idarsa guda: mai rauni ba a ba shi komai, mai ƙarfi ake ɗora wa kaya. Kuma in ya raba, wasa ba ya ƙarewa sai da tazarar ci ɗaya ko kunnen doki. Na ga wannan da idona shekara da shekaru. Har yau ban san yadda yake yi ba.

Ni a lokacin da zan ba ku labari ina gefen fili. Shekarar yaƙin Kuwait ne kaya suka zame daga motar ɗaga kaya suka murƙushe mini ƙafar hagu. Wata uku ina kwance, na tashi da ɗingishi. Kafilina, wato ubangidan da nake zama a ƙasar da sunansa, mutumin kirki ne, bai kore ni ba, ya ce a ba ni tsintsiya in riƙa share sito. Ni da na tako daga Damagaram har bakin teku a Sudan, na binne abokan tafiya biyu a hanya, ni da nake ɗaukar buhu biyu in hau tsani. Tsintsiya. Duk wanda ya wuce sai ya ce, sannu Ilu. Sannun nan ta fi ƙafar ciwo. Iƙamata, wato takardar zama, saura wata biyu ta ƙare, na yanke ba zan sabunta ba. Zan ce wa kafili ya buga mini fita ba dawowa, in koma ƙauye in zauna gindin katanga, ƙannena su riƙa miƙo mini tuwo. Na san ba rayuwa ba ce. Amma gara a tausaya mini inda ba a ga ina ɗaukar buhu biyu ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Baba dai kowace Juma'a sai ya buga mini ƙofa ya ce in zo in tsare masa buta, wai yana tsoron hankaki. Ina zuwa don ba a yi wa tsoho gardama. Daga gindin butar nan na ga abubuwa.

Ku tuna Adil Dogo, ɗan Hajiya ta unguwar Bagdadiyya, haifaffen nan, mai jin Hausa sarai amma in zai mayar sai ta fito rabi Larabci. In ya yi tsalle ba mai kai masa kafaɗa. Baba ya fara cire masa takalmi ya ba shi silifa. Adil ya ci gaba da ci. Ya sa masa tob har idon sawu. Adil ya tattare shi ya ci gaba da ci. Sai Baba ya cika ƙaramin kofin nan da shayi ya damƙa masa a hannun dama, ya ce da shi zai yi wasa, in shayi ya sauka ƙasa da rabi duk cin da ya yi ba ci ba ne.

Adil ya ce, "Ya ammi, wannan haram alaik," wato kawu, wannan zalunci ne.

Baba ya ce, "Yalla, yana hucewa."

Wata guda bai cika ba Adil ya koyi gudu kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Zai tashi sama ya cafe da hagu ya sauko, shayi ko motsi bai yi ba. In an tashi Baba ya karɓi kofi ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya shanye. Ya ce shayi ba ya laifin komai da za a zubar da shi.

Kafin Adil ya ƙware ya ɓata tufafi da yawa. Wata Juma'a mota ta tsaya bakin fili, Hajiya ta sauke gilashi ta miƙo tob uku, kowanne da taswirar shayi a ƙirji. Ta wanke Baba tas da Hausa, ta koma ta ɗauraye shi da Larabci. Shi kuwa ya karkata kai, ido a rufe, yana saurare. Da ta ja numfashi ya ce, "Hajiya, alhamdu lillahi da ba kya wasa. Buhuna babu abin da zai daidaita ki." Ta ja gilashi, amma mun ji dariyarta. Mako na gaba Adil ya zo da sabon tob kalar shayi.

Sai Injiniya Kabiru, Bakano, wanda ya zo aikin kwantiragi kuma ya san wasan tun yana karatu a waje. Shi abin Baba bai kwanta masa ba. Ya ce wannan ba sistem ba ne, camfi ne. Ya zo da takarda ya ba kowa lamba daga ɗaya zuwa goma, ya haɗa ya raba, ya ce ɓangaren da ya fi rauni zai fara da ci uku kyauta. Baba ya ce, "Bismillah, Muhandis," wato injiniya da Larabci, ya dawo kusa da ni ya zauna.

Ya nuna mini mutum biyu da baki. Sule, wanda takarda ta ba tara, ya wuni jiya yana sauke shinkafar jirgi, yau kuma ya cika ciki da shinkafar bukhari. Musa Tumbi, wanda takarda ta ba biyu, kaset ya zo masa da safe, matarsa ta sauka lafiya, namiji. Ranar nan Musa ya yi gudun da bai taɓa yi ba, bai kuma sake yi ba. Ya faɗi ya cafe, ya tashi yana kabbara. Sule kuwa kamar an sa masa mari a ƙafa. Ɓangaren Musa ga ci uku na kyauta ga Musa, tun kafin magariba ɗaya ɓangaren sun zauna a kan tayoyi sun ce halas, wato an gama. Injiniya yana tsaye yana duba takarda, yana duba fili, yana sake duba takarda.

Baba ya ce ya miƙo ya gani. Ya riƙe ta kai a ƙasa, ya daɗe yana kallo, ya ce takarda ce mai kyau, amma mutanen makon jiya ta auna. Ya naɗe ta ya cusa ƙarƙashin gawayi, wuta ta kama.

Abin da ya faɗa bayan haka shi ya shige ni. Ya ce wa Injiniya, duk wanda aka ba ci kyauta, in ya yi nasara ba tasa ba ce, in ya faɗi kunyarsa biyu. Bai kalle ni ba. Ni dai na tuna tsintsiyata.

Daga nan kowa ya gane kayan Baba daraja ne. Wanda aka ba silifa sai ya riƙa tafiya yana buɗa kafaɗa. Musa Tumbi ya zo ya tsaya gaban Baba ya ce shi ma yanzu ya isa. Baba ya ba shi hular kwano. Musa ya yi wasa da ita, ya je masallaci da ita, ya je Bagdadiyya aka ɗauke shi hoto ya aika gida. Juma'ar da ta biyo Baba ya kama hannunsa, ya rufe ido, ya ce murnar ta ƙare, ya cire hular ya mayar buhu.

Injiniya mutum ne mai haƙuri. Don a shirya ya kawo wa Baba sabon faifai, ja, mai ƙyalli. Namu ya tsage sau uku, Baba yana gasa ƙusa a wuta yana liƙe shi, har ya zama kamar fuskar tsohon ɗan dambe. Baba ya juya sabon a hannu, ya yi godiya sosai, ya ce tsohon bai mutu ba tukuna. A kan jan faifan nan yake cin burodin tamis har ƙarshen ransa.

Dabararsa da ta fi ba ni tsoro ita ce ta iska. 'Yan Filifin na Madinar Masana'antu suka ji labarinmu suka zo karawa, da riguna iri ɗaya, kowa da igiyar gumi a goshi. Sun fi mu ƙuruciya, sun fi mu sanin wasan. Suka yarda Baba ya daidaita, don sun ji ana faɗa. Ranar ana iskar kudu mai zafi, wadda ake kira aziyab, tana kaɗawa da ƙarfi. A wasan faifai iska ita ce rabin faɗa, shi ya sa ake canza gefe bayan kowane ci. Baba bai buɗe buhu ba. Ya tsaya yana kallon ledojin da suka maƙale a waya, yana kallon hankaki a kan rufin sito. Sai ya ce baƙi su ɗauki gefen da iska ke bayansu, kuma babu canjin gefe har a tashi.

Mutanenmu suka yi ca. Sule ya ce tsoho ya fara ruɗewa, ga ƙarfi ga iska duk an ba baƙo. Baba ya dawo ya zauna ya ce in zuba masa. Baƙi suka ci huɗu a jere, namu faifan in an jefa sai ya dawo wa mai shi. Baba yana kurɓa. Can sai ledoji suka kwanta. Fili ya yi tsit, ba ko ganye. Sai ga iskar arewa ta taso daga wajen teku, mai sanyi, ta daki baƙi a fuska. Jifarsu ta koma tashi sama tana faɗowa gabansu, tamu tana tafiya kamar an aike ta. Da ladan ya kira magariba kunnen doki ne.

Shugabansu ya zo ya miƙa wa Baba hannun dama. Baba ya riƙe ya rufe ido. Injiniya ya fassara tambayoyi uku, mutumin ya amsa. Sai Baba ya ce a gaya masa ya daina ɓoye gwiwarsa ta hagu, ya je a duba ta. Mutumin ya ja wando ya nuna mana gwiwa a naɗe da bandeji. Na ce a raina, wanda ya ga gwiwar da ke cikin wando, me ya gani a kaina?

Akwai abu guda da nake yi a gindin butar nan. In faifai ya ɓace ya faɗo kusa da ni, ba na jira wani ya zo ɗauka, don in ya zo sai ya ce sannu Ilu. Ina zaune nake wurga musu, da haushi. Yakan wuce su duka ya faɗi bayan tayoyin can. Ban ɗauke shi komai ba. Hannun da ya shekara goma sha huɗu yana jefa buhu kan mota, roba mece ce.

Juma'ar ƙarshe ta zo. Ranar Asabar zan je wurin kafili. Jakata tana ɗaure a bayan ƙofa. Na zo fili don in yi musu kallon ƙarshe, na zauna na hura gawayi. Baba ya jera mutane, ya ƙirga, ya juyo ya ce in tashi in shiga layi.

Na ce ba ni wasa.

Ya ce, "Ba roƙonka nake ba, ɗan Damagaram. Sha uku ne, saura ɗaya a cika."

Na waiga na ga Musa Tumbi zaune a kan taya yana kallon sama, shi da ba ya fashi. Na gane da hannun Baba a ciki. Na tashi don kada a ce na ji tsoro, amma na san abin da zai biyo. Baba ba ya ba mai rauni komai, to amma kowa yana iya karanta nauyin mutum daga kayan da aka ɗora wa abokan karawarsa. Zai ɗaure musu ƙafafu da igiya, ya raba musu silifa da huluna, duk don gurgu guda ya samu ya taɓa faifai. Kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. Na ce a raina, in ya yi haka ko magariba ba zan jira ba.

Ya zo kaina. Ya kama hannuna, ya daɗe fiye da yadda yake yi wa kowa. Me na ci da rana? Na ce ban ci ba. Ƙarfe nawa na tashi jiya? Na ce shara ba ta da ƙarfe. Kaset ya zo? Na ce a'a. Ya saki.

Ya raba mu. Ya sa Adil da Sule da Injiniya duk a ɗaya ɓangaren, ya ce yau babu kaya a kan ko ɗaya daga cikinsu, kowa ya sa takalminsa. Adil ya tsaya yana miƙo hannu yana jiran kofi. Baba ya cika kofin har baki, ya wuce shi, ya zo ya damƙa mini a hannun dama. Ya ce da hagu zan jefa, da hagu zan cafe, in shayi ya sauka ƙasa da rabi ba a ƙirga mini komai.

Adil ya ce, "Ya ammi, kofina ne fa."

Baba ya ce, "Yau an fi ka nauyi."

Na ce, "Baba, gurgu kake ɗora wa kaya?"

Ya ce, "Ni ban auna ƙafarka ba. A wasan nan mai riƙe da faifai ba ya gudu, me zan yi da ƙafa? Hannun nan na gani wata biyu, yana wurgi daga zaune. In na sake shi babu wasa." Ya juya ya koma gindin butarsa.

Adil ya ji haushin kofinsa, kuma a kaina ya huce. Ya tsaya gabana kamar katanga, ya doke jifata ta farko, ya doke ta biyu. Hagu ba ta san hanya ba, faifai yana fita yana lilo kamar kaza an jefa ta daga rufi. Sule yana mini tsiya wai in mayar da kofi in karɓi tsintsiya. Na ɗingisa na bi faifai na faɗi a tsakuwa, na ɗaga kofi sama don kada ya zube. Ba wanda ya ɗaga ni. Ba wanda ya ce sannu. Suka tsallake ni suka je suka ci. Wallahi tun da na tashi daga jinya ba a yi mini abin da ya kai wannan daɗi ba.

Can hagu ta fara ganewa. Na daina jefawa da hannu kawai, na koma juya ƙugu kamar yadda ake jefa buhu. Na wurga ɗaya ta ƙarƙashin hammatar Adil, ta tafi doguwa ta sauka a hannun direbanmu bayan tayoyi. Na sake wata. Sai Injiniya ya buge mini hannu wajen jifa, ya ce faifai ya taɓa. Na ce hannu ya taɓa. Ya ce faifai. Ban san lokacin da na fara ihu ba, ina rantsuwa, ina nuna masa shaida a wuyan hannuna, kofi yana rawa. Wata biyar ban yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Fili duk ya tsaya yana kallona. Injiniya ya ɗaga hannu ya ce na yi gaskiya, a mayar mini.

Da ci ɗaya suka cinye mu. Na kai wa Baba kofi. Ya leƙa, ya ce rabi ne da ƙyar, ya shanye. Muka yi alwala muka bi sahu.

Ranar Asabar na je wurin kafili kamar yadda na yi niyya. Na jingine tsintsiya a bakin ofis na shiga. Na ce ya sabunta mini iƙama, kuma ba ni ƙara shara. Na ce a ɗora ni kan mota, a tsaye wuri guda, a riƙa miƙo buhu ina jerawa ina ɗaurewa, aikin hannu ne ba na ƙafa ba. Ya ce zan iya? Na ce ya gwada ni mota guda, in na kasa ya buga mini fita da hannunsa. Ya gwada ni. Da yamma na koma ɗaki na kwance jaka.

Bayan shekaru abin yana cina, na tambayi Baba. Na ce ranar nan da gaske ya auna ni, ko dai tausayi ne ya sa masa wata riga? Tsohon nan ya tashi ya ɗauki butarsa ya bar ni a zaune. Mako biyu bai amsa gaisuwata ba. Da ya huce abin da kawai ya ce shi ne, a duk zamansa gaban sikeli ba a taɓa zaginsa irin wannan ba. Kuma bai taɓa sakar mini hannun dama ba. Na yi furfura, na roƙa, Injiniya ya sa baki kafin ya koma Kano, har Adil ya yafe kofin ya roƙa mini. Baba ya kama hannun ya rufe ido ya ce tukuna. Har na daina wasa ban san yadda jifar dama take a cikin fili ba.

To, ya tafi ban ce masa na gode ba, don na san da na faɗa da wata gabar ce ta mako biyu. Allah, Haruna bawanKa ne. Bai taɓa yi wa kowa rangwame ba, Kai Ka yi masa. Ka yalwata masa kabari, Ka sanyaya masa, Ka haɗa shi da iyayensa da ya rabu da su tun yana saurayi. Amin.

Filin an gina sito a kai. Ni ina nan Khumra, ɗaki na uku bayan masallacin leburori. Ƙafar tana damuna in an yi sanyi. Gobe akwai mota biyu ta sukari, ni zan ɗaure su.